Wanda Ya Daina Fitowa

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Ina gaida mutanen Madawa da Bangi da Sabon Gida da Galma. Ina gaida na Buza da Tama da Tabotaki da Karofane. Na Keita da Tamaske da Ibohamane da Garhanga, ina gajiya, ina iyali? Mai ban ruwa a garkar albasa, da rediyonka rataye a reshe, sannu da aiki. Inna da ke tsince wake a tsakar gida, sannu da gida. Ɗanmu da ke Abijan ko Legas ko Libiya, wanda wani zai ɗauki muryar nan ya tura masa ta waya, Allah ya maido ka lafiya.

Shirinmu na yau na lafiya ne, amma ba allura ko gidan sauro za mu tattauna ba. Tambaya zan fara yi, kowa ya amsa a ransa. In ka kwana uku ba ka fito ƙofar gida ba, wa zai ce, "Kai, ina wane?" har ya taso ya leƙo ka? In kuma ya leƙo, za ka iya gaya masa ainihin abin da ke cin ranka, ko "lafiya lau" za ka ce masa ya koma?

Na san abin da wasu za su ce. Kaɗaici ai ciwon Turawa ne, masu kulle ƙofa su zauna da kare. Mu nan ɗaki ɗaya mutum biyar, yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi zaman makoki, ina ka ga kaɗaici? To, a watan Yuni na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta kafa tun 2023 domin wannan magana kaɗai. Rahoton ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma abin yana da hannu a mutuwar mutum sama da 871,000 kowace shekara. Ga wurin da ya fi tsaya mini a rai. A ƙasashe masu arziki, wajen mutum 11 cikin 100 ne suka ce suna jin haka. A ƙasashe matalauta irin tamu, 24 ne cikin 100. Ninki biyu har da ɗori. Kuma samari da ƴan mata ne a kan gaba, sun ma fi tsofaffi.

Wanda ya zauna ya yi tunani ba zai yi mamaki ba. Gida na iya cika maƙil da mutane, a rasa ko ɗaya da za a buɗe wa ciki. Ku dubi yarinyar da aka kai aure garin da ba ta san kowa ba. Da safe ta gaida uwar miji, ta gaida facaloli, ta ɗauki tulu, ta yi daka, ta yi girki. Ta yini cikin mutane, amma tun da aka kawo ta babu wanda ya tambaye ta ko tana kewar gidansu. Ku dubi dattijon da sa'o'insa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ana ba shi fura, ana ba shi tuwo, ba a rage shi da komai ba, sai dai babu sauran wanda ya san zamanin da yake ba da labari, in ya fara magana yara su dubi waya.

Me wannan ke yi wa jiki? Kowa a nan ya san mai gadin garka da dare. A kwance yake amma ba barci yake ba, kunnensa a buɗe, ganye ya motsa ya zabura. Dare ɗaya ko biyu ba komai ba ne. To jikin mutumin da ke jin ba shi da kowa, haka yake kwana shekara da shekaru. Jiki na sakin wasu sinadarai cikin jini waɗanda aikinsu shi ne shirya mutum ya guje wa haɗari na ɗan lokaci. In suka daɗe ba su sauka ba, sai jini ya hau, barci ya lalace, abinci ya fita daga rai, garkuwar jiki ta yi rauni.

An gwada wannan an gani. A Amurka, a wani bincike da aka buga a 1997, wani masani mai suna Sheldon Cohen ya samu mutum 276 lafiyayyu da suka yarda aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci, aka killace su ana lura. Kafin nan an tambayi kowa irin mutanen da yake hulɗa da su: mata ko miji, iyaye, surukai, maƙwabta, abokan aiki, abokan ibada. Waɗanda hulɗarsu ba ta wuce iri ɗaya zuwa uku ba sun ninka masu iri shida ko fiye sau huɗu wajen kamuwa da murar. Ƙwayar cuta ɗaya, hanci iri ɗaya. Sannan a 2010 wata masaniya, Julianne Holt-Lunstad, ta haɗa bincike 148 da aka yi a kan mutum sama da 300,000. Ta tarar masu dangantaka mai ƙarfi da jama'a sun fi marasa ita damar tsawon rai da kashi 50 cikin 100. Tazarar ta yi kusa da wadda ke tsakanin mai shan taba da wanda ya bari. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa sada zumunci na tafe da yalwar arziki da tsawon kwana. Ga shi masu awo sun auna.

A wurinmu ma hanyar ta fi haka gajarta. Naƙuda ta tashi da tsakar dare a ƙauyen da ke bayan dutse, wa zai ɗaura amalankensa? Yaro ya yi fari fat da zazzaɓin damina, likita ya ce sai an ƙara jini, wa zai miƙa hannunsa? Tsohuwa ta gama maganin hawan jini, wa zai lura kwalin ya zama fanko? A ƙasar da gidan likita ke da nisa, maƙwabci shi ne motar ɗaukar mara lafiya, shi ne bankin jini, shi ne mai ba da bashin kuɗin magani. Wanda ba shi da mai leƙo shi yakan isa asibiti a makare.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar mu, wato bida, tafiyar neman kuɗi a ƙasashen waje. Adar ƙasar bida ce tun iyaye da kakanni. Da an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, sai motoci su cika: Abijan, Legas, Kano, Kamaru, Gabon, Aljeriya, Libiya. Ba zan zagi bida ba ko kaɗan. Kwanon rufin da ke ƙyalli a garuruwanmu da ita aka saye shi, buhun da ke raya gida lokacin da rumbu ya yi ƙasa ita ke kawo shi. Amma akwai farashin da ba a rubutawa a takardar aike, kuma mutum uku ke biyansa.

Ta farko ita ce wadda aka bari. Kun san ta, tana unguwarku. Ranar kasuwa ta ba yaro wayarta ya kai wurin mai caji, da yamma a dawo da ita, ta shiga ɗaki ta kanga a kunne. Saƙon murya ya zo. Ya gaida Inna, ya gaida Baba, ya ce an turo jaka ashirin ta hannun yayansa, a sayi buhu, a biya bashin taki, a duba akuya. Ya ce a gaida yara. Saƙo ya ƙare. Ta sake kunnawa ko akwai abin da ya wuce ta. Babu. Shekara biyu, wata uku, tana ɗauke da gona da rijiya da jinyar yara da hidimar surukai, kuma ba ta da bakin cewa ta gaji, don za a ce ai ana aiko mata. Sai ciwon kai da ba ya jin magani, sai faɗuwar gaba, sai jiki ya riƙa zubewa. A je likita a auna, a ce ba a ga komai ba. Ƴan'uwana da ke can, na san kati da tsada, na san gajiyar da kuke kwana da ita. Amma ware mata kira nata ita kaɗai, wanda babu lissafin kuɗi a ciki, ka ce mata, "Ke fa, yaya kike?" sannan ka yi shiru ka ji amsa. Wannan ma ciyarwa ce, kuma yayanka ba zai iya karɓar maka ya miƙa mata ba.

Na biyu shi ne wanda ya tafi. Mutanenmu sun iya zaman baƙunta, wannan gaskiya ne. Duk inda Ba'adare ya sauka yakan tarar da maigida daga garinsu, da tabarma, da wanda zai nuna masa bakin sana'a, in ciwo ya kama shi a yi karo-karo a maido shi gida. Tsari ne da ya kamata mu yi alfahari da shi. Amma mutum goma a ɗaki ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa cewa kasuwa ta ƙi. In an kira daga gida ya ce alhamdu lillahi, alhali yau ko shayi bai sayar ba.

Na uku, shi ne wanda na fi jin tsoro a kansa: wanda ya dawo hannu rabbana. Wataƙila an kama shi a Aljeriya aka zubo su Assamaka, wataƙila an tsare shi a Libiya sai da gida suka sayar da saniya aka fanshe shi, wataƙila dai kasuwa ce ta karye. Irin wannan ba ya shigowa gari da rana. Yakan sauka a bakin hanya ya jira duhu. Kwana biyu na farko ana zuwa barka da zuwa, kowa da dariya yana cewa, "Ina tsarabarmu?" Da wasa ake faɗa, shi kuwa kamar ana zuba masa garwashi. Ya je fada, wurin shan shayin samari, sau ɗaya, an ɗora buta, an zagayo kan wanda zai sayi sukari, ya lalubi aljihu, ya ce yana zuwa. Daga ranar bai koma ba. Sai ya bar zuwa majalisa, sai ya riƙa sallah a ɗaki, sai ya yini a kwance fuska ga bango. Gari kuma ya fara fassara: ya yi girman kai, an yi masa sammu, iska ce ya kwaso a hamada. Kafin a ankara ya sami abokin da ba ya tambayar tsaraba, wato tramol.

Ga abin da nake so mu riƙe a shirin yau. Wanda ya fi kowa buƙatar mutane shi ne ya fi kowa ɓuya, kuma kunyar rashi ce ke ɓoye shi. Mun mayar da zumunci abin da ake shiga da kuɗi a hannu. Wanda ba shi da su sai ya janye jiki tun kafin a ce masa komai, mu kuma mu ce shi ya guje mu.

Iyayena mata, ku kun fi kowa sanin wannan, don kun san biki. Asalinsa taimakon juna ne mai kyau: ranar hidimarki in kawo, ranar tawa ki kawo. Amma a wurare da yawa sai an ninka. Na ba ki jaka ɗaya, ki maido biyu, in maido huɗu, har abin ya kai inda mace za ta ji an yi haihuwa gidan ƙawarta gabanta ya faɗi maimakon ta yi guɗa. Ranar suna ta ce kanta ke ciwo. Ƙawar ta ji haushi, ta ce an raina ta. Ƙawancen da aka ƙulla tun ana ƴan mata a dandali ya mutu a kan jaka huɗu. Ni dai a ganina babu buhu ko turmin zane da ya kai darajar macen da za ta zo ta zauna kusa da ke ranar da ɗanki ke kwance. In kin lura wance ba ta zo ba, kada ki aika a tambayi dalili. Ki ɗiba mata tuwon suna ki kai da ƙafarki, ki ce, "Na ga ba ki samu fitowa ba, ga naki." Zumunta a ƙafa take, haka muka gada.

Kuma mun san yadda ake gina tarayyar da talaka ke iya shiga, don an yi a nan. A 1984, shekarar da fari ya kwashe dabbobi ya kori maza zuwa kudu, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, hukumar PAM kuma na ba da abinci a madadin lada. Wa ya ɗauki duwatsun? Akasari mata ne. Su suka jera su a gangaren tudu don tare ruwa, su suka haƙa ramuka, su suka dasa miliyoyin itatuwan da yau ake shan inuwarsu. Ana yawan ba da labarin itatuwan da madatsun ruwan. Ni abin da nake so ku yi shi ne ku tambayi wata tsohuwa a Tamaske ko Ibohamane da wa da wa ta yi jigilar dutse. Ku ji yadda za ta jero sunaye, da garin kowace, da wadda ta rasu da wadda ke raye. A shekarar da kowa ke da dalilin kulle kansa a ɗaki, waɗannan mata suna fita da asuba tare, suna dawowa tare.

Haka Mata Masu Dubara. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wannan tsari a jihar Maradi, ya bazu ya iso mu, daga Nijar kuma ya tsallaka ƙasashe da dama na Afirka har da wasu nahiyoyi. Kun san yadda yake: a zauna mako-mako, kowace ta zuba abin da aka amince, akwati da kwaɗo, makullai a hannun mata daban-daban, mai buƙata ta ci bashi ta biya, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Masu lissafi kan ƙirga awakin da aka saya da jarin ƙuli-ƙuli. Akwai ribar da ba ta shiga akwatin. Kowane mako ana kiran suna. In aka kira wance aka ji shiru, nan take wata za ta ce, "Jiya ma ban gan ta a rijiya ba," kafin magariba an leƙa. Tsarin da ke gane rashin mutum cikin kwana bakwai, ko babu ko dala a akwatinsa, ya cancanci a riƙe shi. Samari masu fada, ku ma kuna da irinsa in kun so. Wanda ya fi mako bai zo ba, ku ɗauki butar da garwashin ku je ƙofar gidansu ku dafa a can. Kada kowa ya ambaci sukari.

(Kiɗa)

Kada a ɗauka kowace dangantaka magani ce. Wata cuta ce. A jami'ar jihar Ohio ta Amurka, Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta sun gayyaci ma'aurata 42, aka yi wa kowa ɗan ƙaramin rauni a hannu, aka bar su su tattauna abin da suka saba saɓani a kai. Waɗanda maganarsu ke cike da gori da wulaƙanci, saurin warkewar rauninsu bai wuce kashi 60 cikin 100 na sauran ba. A 2005 aka buga sakamakon. Baƙar magana kenan kawai, ba a kai ga duka ba. Gidan da ake kwana da zagi a tashi da harara, gidan da ake fifita ɗaki a kan ɗaki a fili, gidan da ake ɗaga hannu a kan mace, mutanensa na biya da jikinsu, yara ma suna biya. In ƴarku ta yi yaji ta zo da kumburarren ido, kada "yi haƙuri" ta zama kalmar farko da ta ƙarshe. Ku zaunar da ita ku ji, ku kira waliyyai da liman ko mai gari, a yi magana da mijin ido da ido kafin a ce ta koma.

Yaran nan da na ambata, su ne suka fi kowa nuna abin a jiki. A asibitin Madawa, inda likitocin MSF suka fara aiki a 2006, kowace damina gadaje na cika da yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya taɓa shiga ɗakin ya san wani kallo da yaron tamowa ke yi: ido a buɗe, ba ya bin komai, ko kuka ya daina. Ana ba shi madara ta musamman da magani, amma ma'aikatan lafiya na kuma ce wa uwa ta rungume shi, ta yi masa magana, ta yi masa wasa. Suna da hujja. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, likita Sally Grantham-McGregor ta bi yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasu aka riƙa ba su ƙarin madara. Wasu kuma ma'aikaciya ke zuwa gidansu awa ɗaya kowane mako, har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka nemo su. Waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100. Gwangwanin tumatir da ƴan tsakuwa a ciki, da uwa mai kiran sunan ɗanta tana dariya. Sai dai uwar da ita kanta ba ta da mai yi mata magana, da wuya ta sami ƙarfin yi wa jariri. In kana son yaron ya tashi, ka kula da wadda ke goye da shi. Uba ma, in kana gida, ɗauki ɗanka ka ɗora a cinya. Ba a rage wa kowa girma da haka.

Ina so in jinjina wa mutanen Bangi. A watan Nuwamba na 2021 kaɗai, hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta ƙirga mutum sama da 11,500, akasarinsu mata da yara, da suka tsallako daga jihar Sakkwato gudun ƴan bindiga. Kafin a kafa tanti ko a kawo buhu, ƙauyuka 26 na ƙasar Bangi ne suka buɗe musu gidaje, alhali su ma rumbunansu ba cike suke ba. Wanda ya ga an kashe nasa a gabansa, ya baro gona da kabarin iyaye, abinci kaɗai ba ya mayar masa da barci. Abin da ke fara kwantar da shi shi ne a san sunansa, a kira shi sahu a masallaci, a gayyaci matarsa suna, ɗansa ya shiga wasan ƙwallo da yaran gari. Wannan aikin babu ƙungiyar da za ta iya yi a madadin maƙwabci.

To in ka je leƙen, me za ka ce? Mutane da yawa wannan ke hana su zuwa. A Harare ta Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya ga likitoci irinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar, sai ya koyar da tsofaffin mata, kakanni, yadda ake sauraro. Aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna, har zama shida. Kakar ba ta wa'azi, ba ta yanke hukunci. Takan bar mutum ya zazzage abin da ke ransa, sannan su zaɓi matsala ɗaya tak, su nemi abin da za a iya yi a kanta kafin zama na gaba. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida, wajen 14 cikin 100 na masu zaman benci ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, kusan rabi ne. Mu da muke da kakanni a kowane gida da dakali a kowace ƙofa, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Ka je kai kaɗai, kada ka kwashi tawaga. Ka gaisa, ka zauna. In ya ce lafiya lau, ka karɓa, ka yi hirar damina, gobe ka dawo. Sau da yawa sai a zuwa na uku ko na huɗu bakin ke buɗewa. In ya buɗe, kada ka tare shi da "wane ma ya fi ka shiga uku". Kada ka yi saurin cewa ya rasa tawakkali, don mai imani ma na ciwo. Abin da ya gaya maka kuma ya tsaya a cikinka. In ya ji shi a majalisa, ka rufe ƙofar da ba za ta sake buɗuwa ba, gare ka da ga waninka. In akwai taubasantaka tsakaninku, yi amfani da ita. Taubashi na iya cewa "tashi ka yi wanka, ka ishe mu" a yi dariya, inda wani in ya faɗa sai faɗa. Ba banza ba UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon ɗan Adam a 2014.

Akwai kuma inda hira ba ta isa. In mutum ya fi mako biyu ba ya barci, ba ya cin abinci, ya bar wanka, ya bar sana'a; in mai jego ta ƙi kallon jaririnta, tana kuka ba dalili; in ka ji wani na cewa ya gaji da duniya, ko gara ma ya mutu kowa ya huta, kada ka ɗauka magana ce kawai. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga inda yake. A raka shi gidan likita mafi kusa, a gaya wa ma'aikacin lafiya abin da aka gani ba tare da ɓoye-ɓoye ba, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Madawa, ko Buza, ko Keita, ko Tawa. Addu'a da magani ba sa hana juna. Ɗaure mutum da mari ko dukansa da sunan fitar da iska kuwa ƙara masa ciwo ne.

Nan lokaci ya kawo mu. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan hawan jini: yadda ake gane shi, da dalilin da ya sa ba a barin maganinsa don an ji sauƙi. Wanda ke da tambaya ya aiko ta hannun wakilinmu na garinsu. A gaida gida, a gaida maƙwabta. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)